Sa Hannu Kan Gwiwar Halvard

A ɗakin jira na sashen ƙashi a asibitin birnin Tromsø, Halvard, tsohon masunci, yana ta juya takardar amincewa da tiyata, ya kasa sa hannu. Wata mata da ke gefensa ta ajiye saƙarta.

"Bawan Allah, za ka yaga takardar nan."

"Gwiwar ƙarfen da suka sa mini ce ta yi ruwa har sau biyu. Yanzu wai za su gwada mai rufin wani sinadari wai shi galiyam. In ta ƙi, sai yanke ƙafa. Ni ne zakaran gwajin dafi?"

"Ba su yi maka bayani ba?"

"Sun yi, da yaren likitoci."

"Ƙwayar cuta sinadarin ƙarfe take ci. Galiyam ya yi kama da shi, sai ta haɗiye, yunwa ta kashe ta."

"Abincin ƙarya a bakin ƙugiya ke nan. Shekara arba'in ina yi wa kifi haka." Ya dube ta. "Ke likita ce?"

"Ina fa. Sau uku na karanta wa mijina takardar nan bara. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an gama farautar kaka."

"Yanzu fa?"

"Yana ciki, ana gwada masa ƙafar roba."

Halvard ya laluba aljihunsa.

"Baiwar Allah, ara mini biro."