Danladi Ba Ya Ƙarƙashin Kwalta

'Yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Ban iya lissafin shekara irin na 'yan boko ba, amma ban manta komai ba. Shekarar da ƙyanda ta shiga ƙauyenmu ce, kafin gwamnati ta taso daga Legas, lokacin wajen Garki duk gonakin doya ne. A shekarar na binne ɗana Danladi a bayan ɗakina, ko tafiya bai fara ba. Ba a daɗe ba motocin rusau suka zo, aka kwaso mu zuwa Kuje. Na kwashe tukwanena, har dutsen niƙa na ɗauko. Yaron na bari. Suka shimfiɗa kwalta a kansa.

Mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka, a kafaɗa muke ɗauka. To, tun ranar kafaɗata ta hagu ba ta huta ba. Ko ban ɗauki komai ba akwai nauyi, da zafi, kamar kan yaro mai zazzaɓi. Da rana tsaka ina gona sai in ji numfashi a kunnena. Duk tuwon da na tuƙa, malmalar farko tasa ce, in ajiye a bakin ƙofa in kira sunansa. Na haifi wasu, na aurar da su, na yi furfura, nauyin yana nan. Motar da za ta bi ta Garki kuwa ba na shiga. Yaya zan taka ɗana?

Maman Rifkatu, 'yar Filato mai sayar da acca kusa da ni a kasuwar Kuje, ita ta lura.

"Mama, kullum a karkace kike. Wa kike ɗauke da shi?"

Na ce, "Ke dai kula da accarki."

Ta ce, "Acca ba ta da ƙafa. Ba ni hannunki."

Nan cikin rumfa ta fara addu'a. Na rufe ido don kada in ga 'yan kallo. Sai ga wani Mutum tsaye a bakin kwalta, da tabon ƙusa a hannunsa. Danladi na kan kafaɗarsa, yadda mu muke ɗauka, yana barci, ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa. Ya dube ni ya ce, "Tun ranar yana wurina. Ke, me kike ɗauke da shi?"

Wayyo Yesu! Na taɓa kafaɗata, na ji sanyi, babu kowa.

Abin da na ciyar duk shekarun nan ban san shi ba, ba na kuma son sani. Na yi baftisma. Na shiga mota ta Garki, ido a buɗe. Haleluya!

Na gode wa Ubangiji. Wadda take ɗauke da nata, ta miƙa masa, zai karɓa.

Cikin waɗanda aka kwaso tare, saura ni, da Baba Shekwolo da ya makance, da Ladi matar ƙanena. Ita ma ta bar nata yaron a can, har yau tana ajiye malmala a bakin ƙofa. Ku sa ta cikin addu'a.