Dam ɗin da Ya Samu High

A tashar bas ta Danau Kota wani mai kwat ya sanar da wata 'yar Jos da ke jiran bas cewa babu dam kamar na unguwarsu a duk Malesiya. Ni ina gefe da tapau ɗina, wato abincin da na sayo aka ƙunshe mini.

"Na wani attajiri ne, Madam. Kamun kifi, yawon kwalekwale, komai akwai. Injiniyoyi suka zo suka auna, suka ba shi high. Ba medium ba fa, high!"

"High me, Oga?"

"High class mana. Shi ya sa na kwashi iyalina muka koma can."

"Ba high hazard suka ce ba?"

"Duk ɗaya ne mana. Turancin injiniyoyi ne, ba kowa ke ganewa ba."

"Ai ba makin jarrabawa ba ne. Dubawa suke yi, in ya fashe wa ruwan zai ci. In daji ne a ƙasansa, low. In da mutane, high."

"Waɗanne mutane? Gida ɗaya ne tak a ƙasansa."

"Na wa?"

Ya gyara kwat, ya kalli titi.

"Nawa."

"To sannu, Oga. Kai da yaranka ne high ɗin."