Nauyin da Aksul Ke Ɗauka

A tashar Yelwa, wata dattijuwa ta tsaya kusa da wani direba da ke duba tayoyin tirelarsa.

"Sannu da aiki, ɗana. Ta ina ake gane nauyin da motar nan ke iya ɗauka?"

"Yauwa, Inna. Kin ga ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin? Shi ne aksul. Akwai ɗan faifan ƙarfe a jikinshi, a nan ake rubutawa. Wani tan tara, wani sha biyu."

"In aka ɗora wa mai tara kayan mai sha biyu fa?"

"Zai yi ta tafiya, har ranar da zai karye. Kaya gare ki?"

"A'a. Ɗana Tanimu aka ba tirela, zai riƙa ɗauko shinkafa daga Shanga. Babanshi ma direba ne. Lodi ya yi yawa, aksul ya karye a gangara, bai dawo gida ba. In na yi wa yaron magana, sai ya ce tsoro ne kawai."

"Allah ya jiƙan shi. Ina motar take?"

"Bayan kasuwar kifi."

"Mu je, Inna. Tare za mu shiga ƙarƙashinta, ya karanta da idonshi."