Da Yaƙin Ya Ƙare da Wuri

A ɗakin jiran likita, wani malamin makaranta ya ɗago kai daga wayarsa, ya dubi tsohon da ke gefensa.

"Baba, ka san cewa da Jamus ta miƙa wuya tun farkon shekarar da aka gama yaƙin duniya, da dubban sojoji sun koma gida da ransu?"

"Har da mijin mahaifiyata na fari," in ji tsohon. "A watan ƙarshe na yaƙin aka kashe shi. Daga baya ta auri mahaifina."

Malamin ya yi 'yar dariya. "Ashe da ba a haife ka ba ke nan."

"Ita ma ta sha faɗa mini haka."

"Cikin wasa dai ko?"

Tsohon ya gyara riƙon sandarsa. "Ɗana, ba ta taɓa yi mini wasa ba."