Wani Tsohon Maƙeri na Betso

Halimat: Halo? Salamu alaikum.

Yaji: Halo! Halo! Halimat, ke ce?

Halimat: Ni ce, Baba. Ina wuni?

Yaji: Tsaya, tsaya, in ƙara hawa dutsen nan. A ƙasa sabis ba ya kamawa. Yawwa. Kina ji na yanzu?

Halimat: Ina jin ka. Baba, ka bi a hankali da hawan dutsen nan, ƙafarka fa.

Yaji: Ƙafa tana nan. Ina gajiya? Ya Yola?

Halimat: Ba gajiya. Yola sai zafi. Ya Betso? Ya ruwa?

Yaji: Ruwa ya yi gyara. Mayo, rafin nan namu, ya cika har baki, jiya sai da mutum huɗu suka ɗauki mashin a ka suka ƙetare da shi. Ya maigidanki Mansir?

Halimat: Lafiya lau, yana wurin aiki.

Yaji: Ya Hajiya, uwar mijin naki? Har yanzu tana wurinku?

Halimat: Tana nan, tana ɗaki.

Yaji: Madalla. Ya 'yar jikar tawa, Khaulat?

Halimat: Ta tafi Islamiyya, yanzu za ta dawo. Baba, lafiya dai ko? Ba ka saba kira da rana haka ba.

Yaji: Lafiya ce. Mutum ba zai kira 'yarsa ba sai da ciwo? Wata huɗu ke nan ban ji muryarki ba, na ce bari in ji ko wayar tawa ce ta lalace.

Halimat: Wallahi Baba ayyuka ne suka yi mini yawa. Ga makaranta, ga...

Yaji: Bara da kike rubutun nan, duk Juma'a sai kin kira. Baba ina ake samo tama, Baba wane itace ake ƙona gawayi da shi. Har na saba, Juma'a ta yi in zo in zauna kan dutsen nan tun la'asar. To littafi ya ƙare.

Halimat: Haba Baba, ba haka ba ne.

Yaji: Ai ya iso nan.

Halimat: Me ya iso?

Yaji: Littafin naki. Anita ta kawo, malamar firamaren nan da ke maƙwabtaka da ni. An raba wa makarantarsu jerin littattafan, guda uku ne. Ta shigo da gudu, wai Baba Yaji, ga ka a takarda!

Halimat: Kai! Ni fa na ajiye maka naka, ina jiran wanda zai kawo maka.

Yaji: Ba komai, na gani. Ta karanta mini duka ukun, ni da ba na karatun boko. Na farkon, na mutanen Masar, da suke tara duwatsu kamar rumbu su sa gawar sarki a ciki. Na ce wa Anita, waɗannan ba su da gona ne? Mutum ya shekara ashirin yana jan dutse don mamaci!

Halimat: Kai Baba! Shekara dubu huɗu da wani abu fa ke nan, har yau suna tsaye.

Yaji: To Allah ya ji ƙan bayansu. Na biyun kuma na masu kawunan yumɓu, idanu a huje.

Halimat: Mutanen Nok.

Yaji: Su. Sai ga na uku, masu narka dutse su fid da ƙarfe. Na ce ikon Allah, an jera ni da matattu ina tsaka da shan kununa.

Halimat: Ba kai aka ce ka mutu ba, Baba. Sana'ar ce ta wuce. Littattafan duka na mutanen da ne, don yara su san abin da aka yi kafin su.

Yaji: Na gane. Ni ma rabona da ganin an hura tanderu tun ina saurayi a gaban babana. Yanzu sifirin mota nake daka in yi fartanya. Amma akwai kuskure, shi ya sa na kira.

Halimat: Kuskure? A ina?

Yaji: A hoton tsakiya. Wa ya zana?

Halimat: Wani mai zane ne a Jos. Me ya yi?

Yaji: Ya zaunar da mai zuga a ƙasa, gindin tanderu. A wajenmu ba haka ba ne! Mai zuga sama yake hawa, can bisa kan tanderu, iska ta sauko ta dogon bututun yumɓu har cikin wuta. Na gaya miki wannan sau nawa? Har a ƙasa na zana miki da tsinke ranar da kika zo.

Halimat: Innalillahi. Na faɗa masa, wallahi na faɗa. Ya ce haka ya gani a intanet.

Yaji: A ina?

Halimat: Intanet, Baba. A waya.

Yaji: To wayar ta taɓa zuga? Yaran da za su karanta, haka za su ɗauka har su tsufa. Kuma ba a sa mata ba. Mata ne ke bin mayo bayan ruwa su tankaɗo baƙin yashin nan na tama, in ba su ba babu ƙarfe. Mamarki, Allah ya ji ƙanta, tana yarinya ta yi wannan aikin.

Halimat: Amin. In za a sake bugawa zan sa a gyara, na yi maka alkawari. To Malam Yaji, mun gode da gyara, Allah ya saka.

Yaji: Wa?

Halimat: Na ce mun gode.

Yaji: Hajiya ce ta fito ko?

Halimat: E. Tsaya kaɗan. Yawwa, ta shiga banɗaki. Yi haƙuri, Baba.

Yaji: Malam Yaji. To. Haka ma Anita ta karanto mini a shafin ƙarshe. Wai muna godiya ga wani tsohon maƙeri na ƙauyen Betso. Ta ce, Baba, ko sunanka ba su sa ba, ka san matar nan kuwa? Na ce na ɗan san ta.

Halimat: Baba...

Yaji: Me zan ce mata? A bangon littafin an rubuta Halimat Murtala.

Halimat: Ai sunan da na yi makaranta da shi ke nan. Kai ka kai ni gidan Alhaji Murtala a Sabon Layi cikin Mubi, ina shekara shida. Na riƙe maka riga ina kuka, ka ɓamɓare hannuna ka tafi. Ka manta?

Yaji: Ban manta ba. Har na isa tashar Mubi ban waiwaya ba, don in na waiwaya zan koma in ɗauke ki.

Halimat: Kai ka ce kada in ƙara cewa ni 'yar maƙeri ce.

Yaji: Ni na ce. Kin san wajenmu na dutse. Maƙeri shi ke yi wa mutane fartanya, shi ke yi musu lauje, amma in ya shiga gida ƙwaryarsa daban, kuma ba mai auren 'yarsa sai maƙeri. Alhaji mutumin Katsina ne, bai san wannan ba, yana sarin fartanyata mu ci tuwo kwano ɗaya. Na ce gara ki tashi a wurinsa. Ranar ɗaurin aurenki shi ya yi walicci, ni ina bayan rumfa tare da masu kallo. Ban yi wa kowa ƙorafi ba.

Halimat: To ka gani. Mansir ya sani, bai damu ba. Amma Hajiya 'yar wajenmu na dutse ce, Baba. Ta je Makka sau biyu, abin nan bai fita daga ranta ba. In ta ji, kofin Khaulat ma sai ta ware shi. A gidan nan, a gabana.

Yaji: Na sani.

Halimat: To me kake so in yi?

Yaji: Lokacin da na faɗi maganar nan mamarki tana da rai, maƙera cike da mutane, ba ni da lokacin zama. Yanzu in na kashe wuta da yamma, ni kaɗai ne da akuya biyu. Ina dafa abinci in ci rabi, in ba su rabi. Ni na yi dokar, amma ta yi mini nauyi, Halimat. Kaɗaici ya ishe ni. Na faɗa miki gaskiya.

Halimat: Zan zo, Baba. Da an yi hutu zan zo.

Yaji: Ai ranar Asabar za ki zo.

Halimat: Halo? Ban ji ba, layin yana yankewa.

Yaji: Ranar Asabar! Anita ta ce an gayyaci malamai, za ki zo Mubi ki karanta wa yara littafin a wata makaranta a Sabon Layi. Wai har da 'yarki za ki zo. Ƙarya ne?

Halimat: Gaskiya ne. Yini ɗaya ne kawai, mu juya.

Yaji: Daga nan zuwa Mubi in mayo ya janye ko awa ɗaya ba a yi a mashin. Ban ce ki zo Betso ba. Ni zan zo. Zugazugin babana yana nan a rataye, na shafa masa man gyaɗa jiya, fatar ba ta tsage ba. Ina da ɗan baƙin yashi a ƙoƙo. In zo in nuna wa yara yadda ake yi, su gani da idonsu, ba na mai zanen Jos ba.

Halimat: Wallahi da yara sun ji daɗi. Shugabar makarantar ma ta tambaye ni ko tsohon yana da rai.

Yaji: Kika ce me?

Halimat: Na ce zan bincika.

Yaji: To kin bincika. Yana da rai. In zo?

Halimat: Ka zo, Baba. Amma Hajiya za ta biyo mu, tana son ta ga 'yan'uwanta a Mubi. Za ta zauna a gaba.

Yaji: Wato in zo a wani tsohon maƙeri.

Halimat: Na wannan karon kawai.

Yaji: Yarinyar nan Khaulat shekararta tara. Sau ɗaya na gan ta, a goye, ta tagar mota. In zo in tsaya gabanta in yi zuga, a tafa mini, in naɗe kayana in hau mashin?

Halimat: Baba, don Allah kada ka sa ni kuka, ga ta nan ta shigo. Khaulat, cire takalmi. A'a, ba Abbanki ba ne. Tsohon nan ne na cikin littafi. Ke, sakar mini waya! Khaulat!

Khaulat: Halo! Salamu alaikum! Kai ne tsohon maƙerin?

Yaji: Wa'alaikumus salamu. Ni ne, yarinya. Ina wuni?

Khaulat: Lafiya lau. Kai! Na ɗauka duk kun mutu, kamar mutanen Masar!

Yaji: Saura ni. An manta da ni a kan dutse.

Khaulat: Na karanta littafin sau biyar. Ya fi na Masar daɗi. Da gaske dutse yana narkewa?

Yaji: Da gaske. In wuta ta yi fari, idonki ba zai iya kallonta ba. Tun asuba ake zuga har rana ta faɗi, mutum ya gaji wani ya hau.

Khaulat: Ba ka ƙonewa?

Yaji: Hannuna duk tabo ne. In kin gan ni za ki ƙirga.

Khaulat: Za ka zo ranar Asabar? Mama, zai zo? Mama ta ce wai sai an gani. Ka zo don Allah! Ni zan riƙe maka abin zugar.

Yaji: Yana da nauyi fa.

Khaulat: Ina da ƙarfi! Kai wa yake riƙe maka a gida? 'Ya'yanka?

Yaji: Ba kowa. Ni kaɗai nake.

Khaulat: Ko jika ba ka da shi?

Yaji: Ina da jika ɗaya. Mace.

Khaulat: Ajinta nawa?

Yaji: Za ta kai kamar ke.

Khaulat: To ka zo da ita mu zauna tare! Ta ga littafin?

Yaji: Ta gani. An ce ta karanta sosai.

Khaulat: Lallai ta ji daɗi! Da ni ce kakana yake cikin littafi, duk 'yan ajinmu sai sun sani.

Yaji: Ita ba a gaya mata ba tukuna.

Khaulat: Kai! Don me? Wannan ai ba adalci ba ne. To bari, ni zan gaya mata ranar Asabar. Ya sunanta? Halo? Baba tsoho, ya sunanta? Mama, ke kin san sunanta?