Gargaɗin da Na Rufe wa Baki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, Injiniya Abdulbaƙi, malamanmu na jami'a, shugabannin kamfanoni, 'yan'uwana masu rubuta manhaja, maza da mata, da kuka cika wannan zaure na Nassarawa: Assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama. An nemi in yi magana a kan umarnin nan biyu na laburaren manhaja, wato err da warn, masu buga saƙon kuskure da na gargaɗi a allon kwamfuta. Zan yi, amma da labarin laifina zan yi, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Na farko, aikinsu. Warn yana faɗin sunan manhaja, da abin da ya lalace, da dalilinsa, sannan aiki ya ci gaba. Err yana faɗin haka nan, sannan ya tsayar da komai. Ba su san kara ba, ba su san kunya ba, kuma alherinsu ke nan.

Na biyu, laifina. Bara na rubuta wa wani asibiti a Gawuna manhajar da ke lura da sanyin firij ɗin allurar masu ciwon suga. Ranar gwaji mai asibitin ya ga jan rubutu a allo, ya ce, "Najla, wannan zai tsorata mutane, ki sassauta shi." Mu kuwa an rene mu a kan ba a kai wa babba mummunan labari gatsau. Mara lafiya ko yana gargara, "da sauƙi" muke cewa. Sai na cire umarnin duka biyun, na rubuta da hannuna: "Akwai ɗan jinkiri, a ɗan dakata."

Da hutun Sallah firij ya daina sanyi. Kwana uku allon yana ba da haƙuri, kwana uku ma'aikata suna wucewa hankali kwance. Da aka gyara firij, ba wanda ya san allurar ta riga ta lalace. Malam Tanko, direba daga Kawaji, mai 'ya'ya shida, wata guda yana yin allurar da ba ta aiki. Suga ya hau, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar dama, wadda yake taka birki da ita.

Na uku, roƙona. Ku bar kuskure ya faɗi sunansa, ku bar gargaɗi ya ɗaga murya, ko ran maigida zai ɓaci.

Na je duba Malam Tanko. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "'Yata, ita kwamfutar ba ta gani ba ne?" Na ce, "Ta gani, Baba. Ni na hana ta faɗa."

Allah Ya ba shi lafiya, Ya rufa wa iyalinsa asiri, Ya yafe mini, Ya tsare hannuwanku daga irin abin da nawa ya rubuta, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.