Ragona da Aka Kashe da Gero

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Talatu ce daga garin Babban Mutum, ina so masu kiwo su ji abin da aka yi mini.

Rago na kiwata don layya, da harawa da 'yar dusa. Da na tafi Daura jinyar mahaifiyata, sai na bar shi a hannun Sani, ƙanin mijina. Shi kuwa ya ce wai mata ba su iya kiwo ba. Ya hana ragon harawa, ya jiƙa gero cike da daro ya tura masa.

Na dawo na tarar ragon ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga, yana ta nishi. Na ce a kira malamin dabbobi. Sani ya kwashe da dariya, ya shuri ragon a ciki, ya ce, "Matar Yaya, ƙiba ce, ba ki saba gani ba."

Kafin malamin ya iso ragon ya mutu, ko wuƙa ba a sa masa ba. Malamin ya ce tumbin rago da ciyawa ya saba. Hatsi mai yawa lokaci guda tsami yake yi a ciki, iska ta taru ta toshe numfashi.

Ranar sallah Sani ya yanka nasa, ya aiko mini da tumbin, wai in ga yadda na mai lafiya yake.

Jama'a, in kai shi gaban alƙali ne? Ni dai wallahi ban yafe ba.